Randunan Mahfuza

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Abin da Mahfuza ta iya furtawa ke nan, ƙunshin karan da ta ɗauko daga gona ya suɓuce daga kanta ya watse a ƙasa. Randuna tara da tuluna huɗu, aikin kwana goma sha ɗaya, waɗanda ta jere a inuwar bayan ɗaki suna shan iska kafin ranar gashi, ga su nan sun zauna sun narke, ruwan wanki mai kumfa yana malala a ƙarƙashinsu. Kowa kuwa ya san ɗanyen gini da ruwa ba sa ga maciji. Ta durƙusa ta tallafo bakin wata randa da hannu biyu, bakin ya rabo ya zauna a tafinta kamar kwanannen tuwo, sai hawaye suka ɓalle mata.

"Au, naki ne?" in ji Sa'adiyya daga bayanta, bokiti a hannu, ɗanta Yazid a goye. "Ai ban lura ba. Ke ma dai kin cika baza tarkace, sai ka ce gidan ubanki ne."

"Haba Yaya Sa'adiyya... ga kwata can, ga fili nan ko'ina, sai a kan ginina? Mi na yi maki?"

"Je ki tambayi masu yabonki!"

Kai jama'a, ku ji fa! Gidan ubanta ne mana, tun da marigayi Hashimu mahaifin Mahfuza da Baffa Ɗantsoho mahaifin Sa'adiyya ciki ɗaya suka fito, kuma ɗakin da Mahfuza ke kwana a ciki Hashimu ne ya ɗora azararsa da hannunsa. Amma wa zai tsaya wa marainiya? Tana shekara bakwai uban ya rasu, tana sha biyar uwar, Safiyyatu maginiya, ta bi shi, ta bar ta a hannun Baffa da matarsa Inna Hansai, a ƙauyen Kwarin Marke da ke gefen Yasore ta ƙasar Batsari. Ba ta gaji saniya ba, ba ta gaji gona ba, hannun uwarta kawai ta gada, shi ɗin kuma ya jawo mata tsana. Don tare suka koyi gini da Sa'adiyya, a gaban Safiyyatu, kan tabarma ɗaya, amma ita Sa'adiyya in ta gina goma sai shida sun fashe a wuta, ragowar kuma ruwa ya kwana a ciki ya tashi da ɗumi. Randar Mahfuza kuwa ko a tsakiyar bazara ka kamfata sai haƙoranka sun amsa. Ran kasuwar Batsari mata sukan leƙa ƙarƙashin leɓen randa, in sun ga shaidar Safiyyatu, tambarin yatsu uku a jere, ba sa ƙara duba ta kowa. Duk ranar da wata ta shigo gidan ta ce, "Ina mai randa?" sai fuskar Sa'adiyya ta haɗe kamar hadarin gabas, ranar ko tuwon kirki ba ta ci.

Abin da ya ƙarasa ƙona mata zuciya shi ne Malam Tayyib, matashin malamin Islamiyya, ɗan gidan limamin garin. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida da goyo ta ƙyalla ido a kansa, in zai wuce sai ta sa kwalli ta fito zubar da shara. Ran da ta ji muryarsa a zaure bayan la'asar ta zabura ta yafa gyale, har ta kai ƙofa, sai ta ji an ce wai da Mahfuza ake sallama. Wayyo! Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta koma ɗaki ta kifa kai a cinyar uwarta tana rusa kuka, tana cewa, "Inna, da mi ta fi ni? Kyau ta fi ni ko asali? Komi sai ita, komi sai ita!" Hansai ta shafa bayanta ta ce, "Yi shiru ɗiyata, ba dai a gidan nan take ba?"

A shekarun nan ne aka tono zinariya a tudun arewacin garin. Baƙi suka zo da injinan niƙa dutse, su niƙa, su wanke garin da ruwa da zaiba, su tsince ɗan abin da suke nema, ragowar laka mai toka-toka kuma a rasa inda za a kai ta. Baffa Ɗantsoho ya ba su kwazazzabon da ke gonarsa, can saman gari. Suka toshe bakinsa da ganuwar ƙasa da buhunan yashi, suka riƙa malala lakar a ciki, mutane suka sa wa wurin suna dam. In ya cika, sai a kwashi lakar da ta bushe a ɗora a kan ganuwar a ƙara mata tsawo, har ta fi tsayin rumbu biyu. Baffa ne mai kula da ita. Ya sayi sabon babur, ya rufa ɗakunansa da kwano, ya fara tafiya yana buɗa hannun riga.

To, a gindin kwazazzabon nan, bakin rafi, nan Mahfuza ke haƙar yumɓu tun zamanin uwarta. Wata safiya ta tarar kwaɗi sun mutu birjik a bakin ruwa, ciyawar wurin ta ƙone kamar an zuba mata ruwan zafi. Ta ɗaga kai ta dubi ganuwar. Gindinta ya jiƙe sharkaf, wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa, ga tsaga ta miƙo daga sama wadda yatsa zai shiga. Ita ba ta yi boko ba, amma ta san ƙasa. Randar da ke zufa garau lafiyarta lau, wadda kuwa ke tsiyayar da ruwa mai laka ta gindi, cikinta ne ke zaizayewa, kwananta ya ƙare. Ta dawo gida da sassarfa, ta sami Baffa yana goge babur, ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, don Allah a duba dam ɗin nan. Yana yoyo ta gindi, ba zai ɗauki ruwan damina ba. Kuma lakar nan guba ce, abin da duk ya taɓa ta mutuwa yake yi. Gari na ƙasa, ga rijiya, ga yara..."

"Ke!" ya daka mata tsawa. "Yaushe maginiyar tukwane ta zama injiniya? Abincina kike so ki zubar? In na ƙara jin maganar nan sai na karya ki!"

"Hassada ce, Baba," Sa'adiyya ta cafe daga bakin murhu. "Ba ta son ganin an rufa mana kwano. Mai baƙin ciki ai ko a ido ana gane shi."

Allah mai iko, gwano ba ya jin warin jikinsa! Mahfuza ta haɗiye kukanta ta tashi. Duk da haka matan da ke zuwa sayen randa takan raɗa masu su hana yara wasa a rafin, wasu su ji, wasu su yi dariya. Ita kuwa ta bar tsohon ramin uwarta, ta koma haƙar yumɓu can hanyar Darini, ta fita da sassafe sai azahar ta dawo, wuyanta kamar zai karye.

Wannan doguwar tafiya ita ta ba Sa'adiyya fili. Ta je dam kai wa ubanta abinci, ta ga lakar nan lukwi, ba tsakuwa, ba buƙatar tankaɗe, tana ƙyalli a rana. Ta ce a ranta, yau na samu abin da zai binne kasuwar marainiya. Ta riƙa ɗebowa a bokiti ta rufe da zane, ta kulle kanta a ɗaki, ta cuɗa da yumɓu, ta gina tukwane da randuna ta shafe su da lakar ciki da waje, Yazid yana rarrafe a gefenta yana damƙa yana kaiwa baki. To amma wa zai sayi ginin Sa'adiyya? Ta san amsar, kuma sanin ya fi komai ci mata rai. Shi ya sa tun suna ɗanye take danna masu yatsu uku a ƙarƙashin leɓe, tana yi tana cizon haƙora. Ta gasa su a bayan gona ranar da Mahfuza ba ta nan, suka fito suna walƙiya gwanin sha'awa, Hansai ta kai wa wata dillaliya ta ce sabon ginin Mahfuza ne. Kafin wata biyu sun shiga gidaje, ana jiƙa tsamiya a ciki, ana ajiye kunu da fura.

Sai ciwo ya sauka. Yara ƙanana su fara da ciwon ciki da amai, su daina wasa, daga nan sai jijjiga, ido ya kafe. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka ce iska ce. Wata Talata Mutmainna, 'yar shekara uku, ɗiya tilo ga Kulu mai ƙosai wadda ta shekara tara tana neman haihuwa, ta cika a cinyar uwarta. Sa'adiyya ta gane, wallahi ta gane, don ba ta manta maganar da Mahfuza ta yi a gaban Baffa ba. Mai imani da sai ya fito ya ce jama'a ku fasa tukwanen nan. Ita kuwa ta daina ginin a ɓoye, ta tura sauran ƙarƙashin gado, sannan ta ga wata ƙofa ta buɗe mata. A zaman makoki ta gyara zama cikin mata, ta rage murya ta ce, "Ni fa ba na son magana... amma ku duba, duk gidan da ciwon nan ya shiga akwai sabon ginin Mahfuza. Da idona na sha ganin tana barbaɗa wani abu a yumɓu tana motsa baki. Kun san wadda ta rasa uwa ba ta son ganin ɗan wani a cinya."

Mahfuza tana zaune tana murza igiya a wuyan wani tulu ta ji hayaniya. Mata suka cika gidan maƙil, Kulu a gaba, ba ɗankwali, idanunta sun kumbura, tukunya mai ƙyalli a hannunta. Ta cusa mata ita a fuska ta ce, "Shaidar wa ce wannan?"

Mahfuza ta duba ƙarƙashin leɓen. "Shaidar Innata ce... amma wallahi tallahi ba ginina ba ne! Ni ban taɓa gina mai ƙyalli ba, ga nawa nan ku duba!"

"Maƙaryaciya! Mayya! Kin cinye mani ɗiya! Shekara tara ina roƙon Allah, mi ta yi maki?"

Wa zai saurare ta? Taɓarya ta hau randuna, gasassu da ɗanyu, ba a bar ko kasko ba. Aka mare ta, aka yaga mata riga, aka ja ta a ƙasa kan tsingaro har gwiwoyinta suka yi jini. Ta rarrafa ta kama ƙafar Baffa tana cewa, "Baffa, kai ne ubana, ba ni da wani! Ka ce wani abu!" Shi kuwa a ransa daɗi ya ji da idon jama'a bai kai kan dam ba. Ya fizge ƙafarsa ya ce, "Ba ni da ɗiya mayya. Kafin rana ta faɗi ki bar mani gida." Sa'adiyya tana jingine a bakin ƙofa tana kallo, ba ta ko ƙifta ido, ranar har da ƙari ta yi a tuwo.

Mahfuza tana zaune bakin hanya da ƙunshin tsummokaranta tana jiran mota, Malam Tayyib ya iso, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Mahfuza, ni ban yarda ba, ko duniya za ta taru a kai. Sai dai mahaifina ya ce a dakata da maganar aurenmu... har gaskiya ta bayyana."

"Ba komai Malam, ka yi wa mahaifinka biyayya," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Ni ba aure ke damuna ba yanzu. Sunana aka ɓata, kuma da shaidar uwata da ke kwance a kabari aka ɓata shi. Ka taya ni roƙon Allah Ya wanke ni, ko da bayan raina ne."

A bayan a-kori-kura ta isa Runka ta ƙasar Safana, direba yana sharara gudu a dajin saboda tsoron 'yan bindiga, ita kuwa ko a jikinta, don ji take mutuwar ta fi mata sauƙi. Ta sauka wurin Iya Hassana, yayar uwarta, tsohuwar da ido ya fara yi wa hazo. Tsohuwa ta rungume ta suka yi kuka tare. Amma labari ya riga ta isowa. In ta bi lungu sai mata su janye 'ya'yansu, in ta je rijiya sai a hana ta zura guga. Ta daure ta gina tuluna uku ta kai bakin kasuwa, suka yini a rana ba wanda ya ko ƙwanƙwasa, ta kwaso su ta dawo. Hannun da ake yabo daga Batsari har Yasore ya koma surfe da ciran ciyawa a gonakin mutane don su samu na koko. Bayan kowace salla takan daɗe a zaune tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ban cuci ɗan kowa ba. Ya Allah, kada Ka ɗauki raina da wannan suna a kaina..." Kuma abin tausayi, duk sanda hadari ya haɗu sai hankalinta ya koma kan garin da ya kore ta. Takan tare masu babur da za su Yasore ta ce, "Don Allah ku gaya wa mutanen Kwarin Marke su tashi daga ƙasan dam." Su kuwa su kwashe da dariya su ce mayya ta koma duba.

Agusta ya shigo da marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Ran na huɗu da hantsi, rana ta ɗan leƙo, mutane sun hau gonakin tudu, sai aka ji wata ƙara kamar aradu. Ganuwar ta ɓalle! Laka ta gangaro da kaurinta da warinta, ta shafe fadama, ta binne masara da gero, ta cika rijiyar gari, ta kwashe awaki da shanun huɗa, ta rushe gidajen da ke ƙasa har da ɗakunan kwanon Baffa da baburinsa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shi Baffa abin ya same shi a kan ganuwar da buhun yashi a kafaɗa, aka tsamo shi daga laka har ƙugu, ƙafa ta karye gida biyu. Baƙin da suka ci zinariyar kuwa kafin azahar sun ɗora injinansu a mota, ko ƙurarsu ba a gani ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Bayan kwana biyar ma'aikatan lafiya suka zo daga Katsina, shugabarsu wata likita mace. Suka auna ƙasa, suka auna ruwa, suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce, daga lakar dam take, kuma fadamar nan ba za ta nomu ba sai an kankare samanta. Mutane suka fara sunkuyar da kai suna cewa ashe yarinyar nan ta faɗa. To da aka kara na'urar awo a jikin tukunya mai ƙyalli, sai ta nuna guba fiye da ta rijiya. Nan Sa'adiyya ta yi tsalle ta dire ta ce, "Kun gani ko? Ashe lakar take ɗebowa tana gini da ita! Shi ya sa ta san guba ce tun kafin kowa ya sani!" Subhanallahi, wannan wace irin zuciya ce? Gidan ubanta ya rushe, uban yana kwance a asibiti, amma abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne kada a ce Mahfuza ta yi gaskiya. Dagaci ya aika aka taho da Mahfuza, ga 'yan sanda biyu suna jira.

Ƙofar gidan dagaci ta cika ta batse. Mahfuza ta durƙusa a tsakiya, ta rame ta yi baƙi, duk wanda ya san ta da sai ya sake dubawa. Likitar ta tambaye ta a hankali, ta amsa da muryar da ta dishe, "Ranki ya daɗe, shaidar tamu ce, ginin ba nawa ba ne. Ba ni da mai shaida sai Allah." Dagaci ya juya ga Sa'adiyya ya ce ko za ta rantse a kan abin da ta ce ta gani. Ta ce a kawo Alƙur'ani yanzu-yanzu. Har an tashi ɗaukowa, sai ihu ya keto taron. Inna Hansai ce a guje, zane a hannu, Yazid a saɓe a kafaɗarta yana jijjiga, ido ya kafe, kumfa a bakinsa.

"Wayyo ɗana!" Sa'adiyya ta ƙwalla ƙara ta fizge shi. Likitar ta karɓe shi ta kwantar a tabarma, ta yi masa allura, ba ta ɗago ba sai da jijjigar ta lafa. Sannan ta dubi takardar da ke hannun abokin aikinta, ta dubi uwar.

"Ke ce uwarsa? Cikin yaran garin nan duka, ba wanda gubar ta yi wa yawa a jini kamar ɗanki, ya ninka na kowa. Mun duba randar da kuke sha, tsohuwa ce, lafiyarta lau. Wannan ba daga ruwa ya samu ba, ci ya yi, kuma ya daɗe yana ci. Za mu tafi da shi Katsina, amma ki saurare ni da kyau. In muka yi masa magani ya dawo inda ya ɗauko ta, ba zai kai baɗi ba. A ina yaron nan yake wasa?"

Sa'adiyya ta dubi ɗanta, ta dubi Mahfuza, ta sake duban ɗanta. Wallahi sai da ta yi jinkiri, jama'a, sai da ta yi jinkiri! Yaron ya ja wani numfashi mai gurnani, sai ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"A ɗakina... ƙarƙashin gado... Ni ce! Ni na ɗebo lakar, ni na gina, ni na danna yatsu ukun! Ba ta san komi ba! Ku cece shi, don Allah ku cece shi!"

Ɗakinta yana ɓangaren tudu na gidan, laka ba ta kai gare shi ba. Aka ɓalle kwaɗon, aka ɗaga gadon, ga tulin busasshiyar laka, ga ɗanyun tukwane bakwai kowace da shaidarta, daɓen ɗakin kansa yana ƙyalli. Aka fito da su aka jere a gaban jama'a. Salati ya ɓarke. Kulu ta zube ƙasa ta rarrafo ta kama ƙafafun Mahfuza tana kuka kamar ranta zai fita. "Ki yafe mani ɗiyar nan! Da hannuna na mare ki, da bakina na ce maki mayya... ina zan kai haƙƙinki?" Mahfuza ta ɗago ta ta rungume, ta ce, "Inna Kulu, zafin rashin ɗiya ne, ba ke ba ce. Allah Ya jiƙan Mutmainna, Ya sa mai ceto ce." Dagaci ya miƙe tsaye ya ce kowa ya shaida, kuma na nan ya gaya wa na nesa, Mahfuza ɗiyar Hashimu da Safiyyatu wankakkiya ce, garin nan ne ya zalunce ta. Liman ya share ido da bakin rawani, ya dubi ɗansa Tayyib ya ce da an gama girbi za a ɗaura aurensu. Mahfuza ta kai goshinta ƙasa a nan cikin taro, ta daɗe ba ta ɗago ba.

'Yan sanda suka ce Sa'adiyya da Hansai su shiga mota, Baffa kuma daga gadon asibiti za a wuce da shi. Aka tayar da motar likitoci, aka ce yaro sai da mai jinya, wa zai bi shi? Sa'adiyya ta ɗauki Yazid ta juya tana duban matan garin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta yi zaman makoki da su, waɗanda 'ya'yansu ke kwance ta dalilinta. Kowace ta ja da baya ta kau da kai. Sai hannu biyu suka miƙo, masu kanta, masu tabon tsingaro. Sa'adiyya ta ɗaga ido ta ga mai hannun, fuskarta ta murtuke, ta ƙara ƙanƙame yaron a ƙirji, ta ce cikin kuka, "Har shi ma... har shi ma ke za ki samu?"

"Ba samu na yi ba, Yaya, amana ce," in ji Mahfuza. "Kawo shi, rana na yi."

Ta kwance gyalenta ta goya shi, ta hau motar. Kwana arba'in ta yi a gefen gadonsa a Katsina, ya tashi, sai dai kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba. A gidan Malam Tayyib ya koyi tafiya, kuma kalmar da ya fara furtawa Mahfuza ya kalla ya ce mata Inna. Ran da aka kai wa Sa'adiyya wannan labari a gidan yari, an ce ta juya fuska ga bango ta yini ba ta ci abinci ba. Allah Ka tsare mu da zuciyar da alherin ɗan'uwa ke ƙonawa, Ka ba mu haƙurin da za mu ga ranar wankinmu da idonmu.